Gwajin Wata Uku

Akwai satar da ba ta bukatar a haura katanga. Ita ce mutum ya zo gare ka neman aiki, ka ci guminsa, ka sallame shi da "Allah ya ba da lada". Mai wannan hali ba ya ɗaukar kansa ɓarawo, tun da bai sa hannu a aljihun kowa ba. To amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ko da a sahun gaba mai shin yake salla. Ga abin da ya sami Alhaji Mahadi na Gusau. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Alhaji Mahadi ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, kuma Allah ya rufa masa asiri. Shi da waɗansu 'yan kasuwa shida suka kafa wata ƙungiya, suka sa mata suna Rumbun Marayu. Aikinta ɗaya ne. Da kaka a bi ƙauyuka a karɓi zakkar hatsi a hannun manoma, dami ɗaya cikin goma, a sussuke, a shiƙe, a ɗura a buhu, a adana a sito. Sai tsakiyar marka, sa'ad da rumbun talaka ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba, sannan a buɗe a raba wa iyayen marayu. Alhaji ne shugaba. A faɗi gaskiya, bai taɓa ɗaukar ƙwayar gero ɗaya ya kai gidansa ba. Ranar rabo ita ce babbar sallarsa. Ya sa babbar riga, ya tsaya bakin sito, mata na wucewa da ƙunshinsu suna sa masa albarka. Wannan rana yake jira duk shekara, kuma da ita ake saninsa daga Gusau har Bungudu.

A shekarar alif ɗari tara da casa'in da bakwai, shekara guda ke nan da yanka jihar Zamfara, Gusau ta cika da samari masu takardun shaida a cikin leda. Kowa ya ji an yi sabuwar jiha, ya ɗauka aiki na nan birjik. Sai su kwana gidan 'yan'uwa, da safe su taru gindin wata darbejiya kusa da sakatariya, wurin mai shayi, suna tambayar juna ina aka ji ƙishin-ƙishin. Alhaji kan wuce ta nan a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa. Wata rana ya dube su, sai wata dabara ta zo masa.

Ya sa aka rubuta sanarwa aka liƙa a bangon sito: ana neman ma'aikata biyar. Ranar da aka sa, mutum arba'in da 'yan kai suka zo, suka tsaya a rana, don babu wurin zama. Alhaji ya fito ya ce musu ba a sayen doki sai an ga gudunsa. Za a yi gwaji na wata uku, tsawon aikin kaka, babu albashi sai abincin rana. Wanda ya fi ƙwazo shi za a ɗauka. Mai neman aiki ba ya jayayya. Suka ce sun yarda.

Cikinsu akwai biyu da suka yi fice. Na farko Sabiru, ɗan Malam Ibrahim na Rawayya, manomin da in ya yi magana a dandali ake yin shiru. Sabiru ya bi Rawayya gida gida da ƙauyukan da ke kewaye, mutane suka riƙa fito da damma don sun san ubansa, har sai da akori-kurar da aka yi haya ta yi sahu tara. Na biyu Zakariya, Kirista, haifaffen Sabon Gari, wanda ya yi makarantar koyon aikin gona. Shi aka bar wa sito. Ba ya barin a ɗura hatsi sai ya ɗauki ƙwaya ya gartsa da haƙori ya ji ta ce ƙas, in ba ta yi ba a mayar rana. Ya matsa wa Alhaji lamba sai da aka sayo katakai, ya shimfiɗa su bisa duwatsu, ya jera buhuna a kai, ya bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai ratsa. Takalminsa ɗaya ne, a wannan aiki ya ƙare.

Da wata uku suka cika, Alhaji ya tara su ya ce, "Kowa ya koma gida, za ku ji daga gare mu."

Bayan mako biyu aka liƙa sunaye biyar. Biyu 'ya'yan abokan kasuwancinsa, ɗaya ƙanen matarsa, ɗaya maƙwabcinsa. Mai kula da sito kuwa Lukuman, ɗan wansa, wanda ko rana ɗaya bai yi gwajin ba. Alhaji bai ga laifin haka ba. A ransa cewa yake, naka sai naka, kuma dukiyar marayu ba a damƙa ta ga wanda ba ka san asalinsa ba.

Sabiru da Zakariya suka same shi a rumfarsa yana auna wa wata mata yadi. Suka jira ya gama, suka durƙusa suka gaishe shi.

Sabiru ya ce, "Baba Alhaji, mun ga sunaye. Mun zo mu ji inda munka gaza, ko gaba mu gyara."

Alhaji ya ce, "Ba ku gaza ba, samari. Kun yi aikin Allah, ladanku na can ajiye."

"Su waɗanda anka ɗauka fa, lada za a riƙa ba su ƙarshen wata?"

Alhaji ya ajiye almakashi. "Kai yaro, iya bakinka. Na tilasta ka? Da ƙafarka ka zo."

Sabiru ya sunkuyar da kai. Zakariya ya ce, "Alhaji, ni ba roƙo na zo ba. Abu biyu zan faɗa, saboda yaran da za su ci abincin. Kwanon sito yana yoyo ta kusurwar gabas. Katakon nan kuma kada a taɓa shi, ko sito babu komai. Ƙasan wurin yana tsatsafar da ruwa da damina."

Alhaji ya ce, "Mun ji, malamin gona." Ya juya ga mai sayen yadi na gaba.

Markar da ta biyo baya aka buɗe sito, hatsi garau kamar jiya aka sussuka shi, don yana nan yadda Zakariya ya jera. Aka yi rabo irin wanda ba a taɓa yi ba. Alhaji ya sha albarka, Lukuman ya sha yabo, babu wanda ya ambaci mai gartsa ƙwaya da haƙori.

To amma magana zarar bunu ce. Samari arba'in ɗin nan ba su ɓace ba. Waɗansu suka koma gindin darbejiya, waɗansu suka koma Mada da Tsafe da Bungudu, kowa da bakinsa. In sabon zuwa ya tambaya, "Wai Rumbun Marayu na ɗaukar aiki?" sai a yi dariya a ce, "Ka je in takalminka ya ishe ka." Har suka sake wa ƙungiyar suna, suna ce mata Wata Uku. In mai shayi ya ce wa mutum ya ɗan riƙe masa buta, sai ya ce, "Wata Uku ce, ko biya za ka yi?"

Yayar Alhaji, Inno, tsohuwa ce da ke zaune a Bungudu, ita ta goye shi yana ƙarami. Da labari ya kai ta, ta aika ya zo. Ya same ta tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ta ce, "Mahadi, mi nike ji? An ce ka kira gayya ka kori mutane da yunwa."

Ya ce, "Yaya, an ba su abincin rana. Kuma duk abin da anka rage na marayu ne, ba nawa ba."

"Ko gayyar gona, wanda yaz zo maka yau, gobe kai ka zuwa mashi. Kai wa za ka je ma? Ka san ɗiyan wa ka aika rana?"

"'Yan neman aiki ne, Yaya. Garin cike yake da su. Yunwa za ta kawo wasu."

Ta ture faifan gefe, ta dube shi. "Da kai da hankali sai a lahira. Tashi ka tafi, na faɗa maka."

Ya fito yana cewa a ransa tsufa ya fara taɓa ta. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da kaka ta sake kewayowa ya sa aka sake liƙa sanarwa, alhali ya san babu gurbi ko ɗaya, biyar ɗin nan suna kan kujerunsu. Abin da ya tsaya masa a rai kawai shi ne bara mutane sun tsaya a rana, wai bai dace da girman ƙungiya ba. Ya shiga sito, ya tarar fayau tun bayan rabo, ga katakai kwance ba sa aikin komai. Ya ce da Lukuman, "Kira kafinta, a yi mana bencina da waɗannan. Bana jama'a za ta fi ta bara." Lukuman ya ce to. Shi dama bai san dalilin katakon ba, bai kuma tambaya ba. Aka fitar da benci goma sha biyu, aka shafa musu koren fenti, aka jera a rumfar gaban sito.

Ranar tantancewa mutum goma sha ɗaya suka zo, yawancinsu daga can bayan Tsafe inda labari bai kai ba. Benci biyu suka ishe su. Alhaji ya dubi sauran goman, ransa ya ɗan sosu, amma ya ce da kansa lokacin girbi ne, mutane na gona. Ya karanta musu irin karatun bara, suka yarda, suka yi wata uku, aka ce za su ji. Har yau ba su ji ba, don ko sunaye ba a liƙa ba. Hatsin da aka samu bai kai rabin na bara ba. Lukuman ya sa aka ɗura shi ranar da aka sussuka, aka jibge a kan siminti, jingine da bango, aka kulle. Bai sake buɗe ƙofar ba sai sau biyu da rani, ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ga buhuna na nan.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Markar casa'in da tara ta zo da ruwa kwana da kwanaki. Ranar rabo mata suka hallara tun da hantsi, fiye da ɗari biyu, waɗansu da goyo, waɗansu sun biya kuɗin mota daga Mada, suka cika bencinan nan har ƙasa. Alhaji ya iso cikin farar riga. Lukuman ya buɗe kwaɗo, ya tura ƙofa.

Wari ne ya fara fitowa. Matan da ke gaba suka ja mayafi suka toshe hanci. Buhunan ƙasa sun yi baƙi, sun fashe, gero ya tsiro ta cikin saƙar buhu ya yi fari kamar gemu. Gara ta hau ta bango ta yi gini a kan na sama. Ta kusurwar gabas ruwa na ɗiga a kan tulin dawa da ta dunƙule ta zama laka. Alhaji ya sa hannu cikin wani buhu ya ji zafi kamar an dafa. Ya fito da hannun, fumfuna ta manne masa har wuyan riga.

Babu wadda ta zage shi. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Wata mai suna Ladidi, mai marayu huɗu, ta naɗe buhun da ta zo da shi, ta sa a hammata, ta ce, "Alhaji, na ce da yara yau za a yi tuwo." Ta juya ta tafi.

Washegari da sassafe ya hau mota zuwa Tsafe, inda ya ji Zakariya na kula da sito a wurin wani dillalin hatsi. Ya same shi yana duba buhuna da ake saukewa. Wannan karo Alhaji ne ya jira sai da aka gama. Ya faɗi abin da ya faru, muryarsa ƙasa ƙasa.

Zakariya ya ce, "An gyara kwanon?"

"Ba a samu sukuni ba."

"Katakon fa?"

Alhaji ya kau da kai. Ya ce, "An yi benci."

"Benci na me?"

"Na masu neman aiki."

Zakariya ya dube shi, bai yi dariya ba. Ya nemi izini wurin maigidansa, ya bi Alhaji zuwa Gusau, ya yini yana farke buhuna yana warewa, yana shanya abin da zai shanyu a kan tabarmi. Cikin buhu ɗari da arba'in, goma sha tara ya ce mutum zai iya ci. Sauran ya ce ko akuya kada a ba, a haƙa rami a binne.

Alhaji ya ce, "Zakariya, ka dawo. Sito naka ne daga yau, babu gwaji."

Ya ce, "Ina da aiki, Alhaji. Maigidana kwana uku ya gwada ni, ya kuma biya ni kwana ukun. Saboda yaran na zo." Ya wanke hannu ya nufi tasha.

Duk da haka Alhaji bai fid da rai ba. Ya ce kaka na tafe, za a tara sabon hatsi, a rufe wannan kunya. Ya sa aka rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe, wannan karo har da cewa akwai albashi tun daga ranar farko. Aka liƙa a sito, aka liƙa a tasha, aka liƙa a jikin darbejiyar mai shayi. Ranar da aka sa, ya zo da wuri ya zauna yana fuskantar bencina. Rana ta ɗaga, ta take tsaka, aka kira azahar. Akuya ɗaya ce ta zo ta kwanta ƙarƙashin benci na uku. Ba wai aiki ya wadata a gari ba. Samarin na nan gindin bishiya, da yunwarsu da ledojinsu, suna ganin takardar, ba wanda ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya tura Lukuman da sauran huɗun ƙauyuka. Suka yi mako suna yawo, suka dawo da dami bakwai. Ko'ina suka je sai a ce an riga an fitar, an ba makwabta. Sai Alhaji ya ce shi da kansa zai je Rawayya, don in Malam Ibrahim ya ba da, kowa zai ba da.

Ya tarar da shi a masussuka, dammai jibge kamar tsauni, Sabiru na can gefe yana ɗaure wani. Malam Ibrahim ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da kasuwa. Sannan Alhaji ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya haɗa da Allah da Annabi da hakkin maraya.

Malam Ibrahim ya saurara har ya gama. Ya ce, "Alhaji, ni karatuna bai yi nisa ba. Amma malamin da yak karantar da mu ya ce mutum takwas Allah ya ambata a ba zakka, kuma cikinsu har da masu wahalar tara ta. Ko an sake wannan karatu a birni?"

Alhaji ya ce, "Ba a sake ba, Malam."

"To wancan da kake gani, shi na aika maka. Shekaru na yi ina saida hatsi ina biya mashi kuɗin makaranta. Ya yi maka wata uku, ya dawo min da ƙafa duk faso. Mutanen garin ga ba kai sunka ba dammansu ba, ba su san ka ba. Shi sunka ba, don sun san ni. Kai ka ɗauka masu neman aiki daban, masu ba da hatsi daban. Gida ɗaya muke kwana, Alhaji. Abin da ɗa yag gani da rana, shi uba ka ji wurin cin tuwo."

"An yi kuskure, Malam. Yanzu an gyara. Sabiru ya zo gobe, na ɗauke shi."

Sabiru bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗaurinsa.

Malam Ibrahim ya ce, "Marayun Rawayya mun san ƙofofinsu, mun kai masu da hannunmu. Amma tun da ka taso takanas, ba mu kore ka. Ku je ku ci gaba da aikinku, mu nan muna kallo. In anka yi wata uku, za ku ji daga gare mu."

Ya faɗe ta ba da izgili ba, ba da ɗaga murya ba, ya kuma raka Alhaji har bakin mota, ya ce a gaida gida.

Kafin watan ya ƙare 'yan kasuwa shidan nan suka zauna ba da shi ba. Suka aiko masa da takarda, suka karɓi mabuɗin sito. Su ma ba su iya tayar da ƙungiyar ba, don sunan ya riga ya mutu a bakin mutane. Mai sito, wanda dama haya ya ba su, ya karɓi abinsa ya ba wani mai sayar da siminti haya.

Ga lissafin abin da Alhaji Mahadi ya girba. Buhu ɗari da ashirin da ɗaya na abincin marayu a rami. Mata fiye da ɗari biyu da suka koma gida da buhu a naɗe, waɗanda a da suke sa masa albarka, yanzu in sun hango shi sai su sake hanya. Samari hamsin da wani abu, daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Bungudu, da iyayensu, babu mai amsa kiransa ko na ɗaurin aure. Abokai shida. Shugabanci. Ranar rabo, wadda ba ta sake zuwa ba. Lukuman ya tafi Kaduna bai yi masa sallama ba. Inno ta rasu da rani, ba ta sake aika masa ba tun ranar da ta ce ya tashi ya tafi. Abin da aka bar masa kawai bencina goma sha biyu, don ba wanda ya so su. Aka kwaso a amalanke aka jibge masa a ƙofar gida.